Yadda ake neman taimakon Allah a rabu da halin da ya daɗe a jiki

Sana'ata gyaran moto ce, wato babur, a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, karatuna kuma na zaure ne, tsakanin magariba da lisha. Yawancin masu kawo mini aiki samari ne 'yan kilando, masu ɗaukar fasinja a moto, kuma mutum in yana jiran a haɗa masa inji bakinsa yakan buɗe. Maganar da na fi ji daga mai shan tramol, da mai cacar ƙwallo a waya, da wanda rabonsa da sallar asuba a kan lokaci har ya manta, iri ɗaya ce: "Baba, a dai sa mu a addu'a, in Allah ya shirye mu za mu bari."

Duk wanda ya buɗe Ahalari a gaban malami ya san an amsa wannan tun a farkon littafin. Mai littafin ya ce bai halatta mutum ya jinkirta tuba ba, kuma kada ya ce sai Allah ya shirye ni, domin faɗin haka alama ce ta taɓewa da toshewar basira. Shiriya a hannun Allah take, babu mai musun wannan. Amma a ayar ƙarshe ta Suratul Ankabut Allah ya ce waɗanda suka yi ƙoƙari dominsa su zai shiryar ga hanyoyinsa. Ke nan akwai aikin da ake jira daga gare ka, ƙanena, kuma aikin yana da tsari. Shi zan shimfiɗa maka yadda na ji daga malamanmu da yadda na ga ya yi wa mutane amfani.

Ka fara da gano uwar matsalar. Mutum zai zo da abu bakwai da yake son bari a dare ɗaya, kafin Juma'a ta zagayo ya koma wa dukansu. Tuba kam daga dukkan zunubi ake yinta, yau ɗin nan, domin haram haram ce. Amma ƙarfin yaƙinka ka tara shi a kan wanda ke jawo sauran. Ɗauki mai caca. Wasannin Turai na dare sai wajen ƙarfe 10 ko 11 suke tashi, in an cinye shi ba zai yi barci ba don baƙin ciki, in ya ci ba zai yi ba don lissafin na gobe. Asuba ta wuce. Da safe kuɗin da zai kai wa mai moto bai cika ba, sai ƙarya. Ƙarya ba ta biya ba, sai bashi. Ya dawo gida a ƙufule, sai zagin mata. Wannan mutumin yana ganin halaye biyar gare shi, alhali ɗaya ne ya haifi huɗu. Nana A'isha ta faɗa, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa da abin da aka fara saukarwa shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa barinta ba. Sai da aka fara da ambaton aljanna da wuta, zukata suka koma ga Musulunci, sannan halal da haram suka sauka. Ita kanta giyar sai da aka bi ta Baƙara aya ta 219, aka bi ta Nisa'i aya ta 43, kafin a yanke hukunci a Ma'ida aya ta 90. Hukuncin ya riga ya cika, ba mai komawa baya. Abin da muke ɗauka a nan shi ne Wanda ya halicci zuciya ya san ba ta sakin abin da ta saba da shi da tsawa kaɗai.

Da ka gane halin da ke jawo sauran, kada ka kwana. Ka yi alwala mai kyau, ka yi nafila raka'a 2, ka nemi gafara. Sayyidina Aliyu ya ruwaito daga Sayyidina Abubakar cewa Annabi (SAW) ya ce babu bawan da zai yi zunubi ya yi haka face Allah ya gafarta masa. Sharuɗɗan su ne waɗanda muka sani: ka yi nadamar abin da ya wuce, ka saki laifin nan take, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in kuma da haƙƙin wani a ciki ka mayar. "Nan take" ɗin nan ake yawan yi wa wayo. Wanda ya tuba alhali sauran ƙwayoyin suna aljihun rigarsa, wai sai ya ƙarasa su don kada kuɗinsa ya tafi a banza, bai saki ba tukuna.

Bayan ka sallame, ka ɗaga hannu ka kira abin da sunansa. Nan ne nake ganin mutane da yawa suna taƙaita kansu. Suna iya jero addu'o'i da Larabci, amma ba su taɓa buɗe baki sun faɗa wa Allah ainihin abin da ke cin su ba. Allah yana jin Hausa, yana jin Fillanci, yana jin Larabcin Shuwa. Ka ce: "Ya Allah, ka san ina kallon batsa in dare ya yi. Na ƙi abin, kuma ina komawa. Ba ni da ƙarfin bari in ba ka cire mini ba. Ka sa in tsane shi, ka toshe mini hanyarsa." Dubi Annabi Yusuf (AS), annabi ɗan annabi, abin da ya faɗa a aya ta 33 ta surarsa: in ba ka kawar mini da makircinsu ba zan karkata gare su. Bai dogara da ƙarfin zuciyarsa ba, balle ni da kai. Shi ya sa nake son mai wannan yaƙi ya riƙe "Ya Hayyu ya Ƙayyum, bi rahmatika astagis, aslih li sha'ni kullahu, wa la takilni ila nafsi ɗarfata ain" safe da yamma, domin a cikinta kana roƙon kada a bar ka da kanka ko da ƙiftawar ido. Ka haɗa da Sayyidul Istigfari, in ba ka haddace ba ka je wurin limamin unguwarku ya biya maka har ta zauna. A sujada kuma ka yawaita "Ya muƙallibal ƙulub, sabbit ƙalbi ala dinika."

Lokacin roƙo ma ana zaɓensa. Sulusin dare na ƙarshe shi ne wanda Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Ubangiji yana cewa wa zai roƙe ni in ba shi, wa zai nemi gafarata in gafarta masa. Ba sai ka raba dare kana tsaye ba. Tashi minti 20 kafin kiran assalatu ya sa ka a ciki. A watannin Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke korar kowa tsakar gida, da yawanmu ma a farke wannan lokacin yake samunmu muna fifita. Akwai kuma tsakanin kiran salla da iƙama, sau 5 kullum, wanda muke ɓatarwa da duba waya a ƙofar masallaci. Kaɗan ɗin da za ka dawwama a kai ya fi mai yawan da za ka yi mako ɗaya ka watsar, haka Annabi (SAW) ya ce game da aikin da Allah ya fi so.

Yanzu ga wurin da na fi so ka tsaya ka natsu. Tsohon hali ba ya zuwa haka kawai. Yana da sa'arsa, yana da wurinsa, yana da abokinsa. Ka ɗauki mako guda kana lura da kanka: ƙarfe nawa abin yake taso mini, ina nake zaune, da wa, kuma me ya faru kafin nan, yunwa ce, gajiya ce, faɗa na yi a gida, ko kuɗi ne suka shigo hannu? Za ka yi mamakin yadda amsar ba ta canzawa. Wani nasa sai ya ajiye moto ya zauna a majalisar mai shayi. Wani sai ranar Lahadi in ya yi jigilar kasuwar Pitowa aljihu ya yi nauyi. Wani sai kowa ya yi barci ya rage daga shi sai waya.

Ka tuna mutumin nan na cikin Bani Isra'ila da ya kashe mutum 99, ya cika na 100 da mai ibadar da ya ce masa ba shi da tuba. Da ya samu malami na gaske, malamin ya buɗe masa ƙofar tuba, amma bai tsaya nan ba. Ya ce masa ya tashi ya koma wani gari inda ake bauta wa Allah, kada ya dawo ƙasarsa, domin ƙasa ce ta mugunta. Ba cewa nake ka bar Garwa ka koma Marwa ko Ngaundare ba, ko da yake akwai wanda sai hakan ta fisshe shi. Ga yawancin mutane hijirar ƙarama ce. Ka sauya layin da kake bi zuwa gida in yana ratsa inda ake sayar da giyar gargajiya, bilbil da arki. Ka sauya tashar da kake tsayawa jiran fasinja in a nan mai ƙwaya yake kawo kayansa. Majalisar da ba a tashi sai an ci naman wani, ka yi musu sallama ka wuce, ba gaba ba ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Allah bai ce kada ku yi zina kaɗai ba, a Isra'i aya ta 32 cewa ya yi kada ku kusance ta.

Waya ita ce ƙasar mugunta ta mutane da yawa a yau, kuma tana cikin aljihu. Mai caca ya goge manhajar, ya fita daga duk rukunin WhatsApp da ake raba hasashen wasanni, sannan, wannan shi ne mai zafin, ya daina ajiye kuɗi a asusun wayarsa. In ciniki ya shigo ya cire ya damƙa wa mahaifiyarsa ko matarsa ko wani amintacce tun kafin magariba. Son ƙwallo ba laifi ba ne, ka je filin wasa na Rumde Ajiya ka kalli ƙungiyar Coton Sport ka dawo, sa kuɗi a kai shi ne masifar. Mai kallon batsa kada wayar ta kwana a ɗakinsa, ya bar ta a caji a ɗakin wani. In duk wannan bai yi ba, ya sayar da ita ya sayi ƙarama mai maɓallai, fasinja zai same shi a kanta. Na san za a ce an koma baya. Wanda yake kuka a sujada da asuba, ya kuma kwana da wayar a ƙarƙashin matashi da data a cike, kamar mai ɗura zuwa-zuwa ne, fetur ɗin bakin titi, a tankin da ya huje: man na kirki ne, amma ba zai kai shi gadar Binuwai ba sai ya liƙe hujin.

'Yar'uwa, ke ma maganar ta shafe ki. In gulma ce ta zame miki jiki, ki lura ko a taron adashi take tasowa, ko gidan suna, ko a saƙon murya da ƙawa ɗaya tak. Ki kai kuɗin adashinki ki gaisa ki tashi, ki daina sauraron saƙon da kika san da sunan wa zai fara. Mai saurin fushi kuma, namiji ko mace, an koya mana a ce a'uzu billahi minash shaiɗanir rajim, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Magidanci da ya san da yunwa da gajiya yake shigowa ya sauke a kan iyali, ya tsaya masallaci ya yi magariba, ya sha ruwa, sannan ya shiga gida.

Wurin da ka cire hali kada ka bar shi fanko, domin sa'ar za ta zo ko ka shirya ko ba ka shirya ba. In ƙarfe 8 na dare ne lokacin majalisa, to ƙarfe 8 ta same ka a wani wuri da ake sa ran ganinka: karatun zaure, haddar izu ɗaya da wani, koya wa ƙannenka darasi. Kyawawan ayyuka suna tafiyar da munana, in ji Suratu Hud aya ta 114. In kuma sha'awar ta taso da ƙarfi, ka sani ba ta dawwama a kan ƙarfinta, tana hawa ne ta sauka, sau da yawa cikin 'yan mintoci. Aikinka shi ne ka tsallake mintocin nan. Kada ka zauna kana gardama da ita a zuci, za ta kayar da kai. Ka nemi tsari, ka miƙe, ka fita daga ɗakin, ka yi alwala, ka je inda mutane suke. Saurayin da bai samu halin aure ba Annabi (SAW) ya nuna masa azumi, Litinin da Alhamis sun isa farawa.

Akwai halin da ya wuce zuciya ya shiga jini, wannan kuwa dole a faɗi gaskiya a kansa. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su mofin, likita ne ke rubuta shi. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ko mara lafiya ba a wuce masa 400 a yini. Wanda ake sayarwa a ɓoye akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya, wasu kuma suna watsa biyu ko uku a shayi tun da safe. Shi ya sa za ka ga yaro lafiyayye ya faɗi yana fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, wani a kan moto da fasinja a baya. Wanda ya daɗe yana sha in ya yanke rana ɗaya zai gamu da zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci da ƙunci. Wannan ba alamar an ƙi karɓar tubarsa ba ce, jiki ne ke neman abin da aka saba masa. Mai shan giya kullum shi nasa ya fi haɗari, domin yankewa kwatsam tana iya kawo karkarwa, fizga da gushewar hankali cikin kwana 2 zuwa 3, har takan kashe. Irin waɗannan su tuba a daren, da safe su tafi asibiti su faɗa wa likita abin da suke sha da adadinsa ba ragi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi zai tsara yadda za a janye shi. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani, ya ku bayin Allah. Tofi da ayoyin Alƙur'ani alheri ne, a haɗa da shi, amma duk wanda ya ce ka kawo saifa dubu kaza da baƙin bunsuru zai cire maka shaye-shaye a dare ɗaya, kuɗinka yake so, kuma yana iya haɗawa da imaninka.

'Yan kilando sukan ce mini, "Baba, ba don maye nake sha ba, don ƙarfin aiki ne." Wani sahabi, Ɗariƙ bin Suwaid, ya ce wa Annabi (SAW) shi don magani yake haɗa giya, aka ce masa ba magani ba ce, cuta ce. In aikin ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, awannin ne suka yi yawa. Ka rage su, ka samu mai moton ku yi magana ta gaskiya. Cinikin zai ragu a farko, wannan ba zan ɓoye maka ba, sai dai kuɗin ƙwayar ma zai dawo aljihunka.

Ka samu mutum ɗaya da zai san halin da kake ciki, malami ko yaya ko aboki mai tsoron Allah da riƙon sirri, wanda za ka iya kira ƙarfe 11 na dare ka ce masa abin ya taso. Ɗaya na ce. Annabi (SAW) ya ce duk al'ummarsa ana yafe musu sai masu bayyanawa, wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. Ba a kai labarin tsohon zunubi majalisa ko Facebook, ko da da sunan wa'azi ne.

Kada kuma ka yi saurin dafa Alƙur'ani ka rantse ba za ka ƙara ba. Na ga samari da yawa sun yi haka cikin zafin nadama, da suka karya sai suka ɗauka sun halaka, suka saki komai. In ka riga ka rantse ka karya, kaffara ce a kanka kamar yadda ta zo a Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda bai samu hali ba ya yi azumin kwana 3. Ka biya ka ci gaba. Roƙo ya fi dacewa da mai rauni a kan rantsuwa.

Domin mai yiwuwa ne ka faɗi. Ba fata nake maka ba, amma halin shekara 10 ba kasafai yake tafiya bai waiwayo ba. Abin da ke raba wanda ya tsira da wanda ya nutse shi ne awa ɗayan da ke bayan faɗuwar. Shaiɗan zai ce maka kai munafuki ne, da wane ido za ka tsaya gaban Allah, bari sai ka tsarkaka. Kada ka bari sallar da ke biye ta wuce ka. Ka yi wanka in da bukata, in maye ne ka jira hankalinka ya dawo, ka yi sallarka, ka maimaita raka'a 2 na tuba. Buhari da Muslim sun kawo labarin bawan da ya yi zunubi ya nemi gafara, ya koma ya sake nema, ya kuma komawa, kowane karo Allah yana cewa bawana ya san yana da Ubangiji mai gafarta zunubi mai kuma kamawa da shi. Wannan ba lasisi ba ne ga mai istigfari da baki yana shirya na gobe a zuci. Na wanda yake nufin bari ne da gaske a kowane karo, rauni ya rinjaye shi. Bayan ka natsu sai ka bincika ta wace ƙofa aka shigo, ka rufe ta ita ma. Masu cewa hali zanen dutse ne su dubi mai shan sigarin da ke wuni tun ketowar alfijir har faɗuwar rana a watan Ramadan, cikin ranar Garwa, bai kunna kara ɗaya ba, har wata guda.

Iyaye da 'yan'uwa, ku ma da naku. A zamanin Annabi (SAW) akwai wanda aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Baki da tsinuwa da "kai ba za ka taɓa gyaruwa ba" taimakon Shaiɗan ne a kan ɗanku. Kada ku ba shi kuɗin da kuka san inda za su, amma ku bar masa ƙofa da kwanon abinci.

Saura bashin da ke baya. Sallolin da suka wuce ana ramawa a mazhabarmu ta Malikiyya, Ahalari ya ce wanda yake rama na kwana 5 a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Ka tambayi malaminka yadda za ka ƙiyasta adadin da yadda za ka tsara gwargwadon aikinka. Haƙƙin mutane kuwa istigfari ba ya goge shi. Ka samu takarda ka rubuta: kuɗin mai moto da ka danne, bashin da ka ci don caca, canjin fasinjan da ka ce babu, wayar da aka manta a hannunka. Wanda za ka iya fuskanta ka je ka ce masa, "Alhaji, akwai haƙƙinka a kaina, ga abin da ya samu, sauran ina kawowa." Wanda faɗa masa zai tayar da fitina, ka mayar masa ba sai ya san dalili ba, ka ba mai kiyos ɗin tura kuɗi ta waya ya zuba masa a lambarsa. In ya rasu ka kai wa magadansa, in ka neme su ka rasa ka yi sadaka da niyyar ladan ya je gare shi. Wanda ka ci namansa, in labarin bai kai masa ba kuma faɗa masa zai haifar da gaba, malamai da yawa sun ce ka nema masa gafara, ka kuma faɗi alherinsa a majalisar da ka ɓata shi. Ko saifa 500 kake iya warewa a mako, ka fara da wanda ya fi kowa bukata a cikin takardar, ka soke sunansa in ka gama, ka wuce na gaba.